Masu Ceto a Ruwan Bakolori: Ƙarfin Zuciya Kaɗai Ba Ya Isa

Rayuwar mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun a ɗaure take da ruwa. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka samu tafki mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da magudanan ban-ruwa da suka ratsa gonakin shinkafa har ƙasar Bakura. Masunci da kwale-kwale yake neman abincinsa, manomi da shi yake ƙetarawa gona idan damina ta yi nisa, haka masu kai kaya kasuwa ranar Talata. Amma ranar da jirgi ya kife, wa ke fara isa wurin? Masuntan da ke kusa ne, da masu fito, da samarin gari. Kafin motar hukuma ta taso daga Gusau, an riga an san wanda ya tsira da wanda ya tafi, domin ƙwaƙwalwar mutum takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan numfashi ya yanke.

Abin ya sha faruwa kusa da mu. A watan Satumba na 2024 jirgi ya kife da manoma a Gummi suna kan hanyar gona, mutum fiye da 40 suka rasu. A ƙarshen Nuwamba na 2021, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka halaka, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A duka biyun lodin da ya wuce kima ne aka fi ɗora wa alhaki. Watari madatsa ce irin tamu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka kowane mashigi mai yawan jama'a na bukatar ƙungiyar 'yan sa-kai masu ceto, mai tsari da shugaba, ba taron 'yan kallo da ke rugawa idan an ji kururuwa ba.

Yadda za a kafa ƙungiyar

Ba baƙon abu za a ƙirƙiro ba. Muna da Sarkin Ruwa, wanda masunta ke jin maganarsa, kuma ya san inda ruwa ke juyi da inda kututture ke kwance a ƙasa. A ƙarƙashinsa, da sanin hakimi da ƙaramar hukuma, a zaɓi mutanen da aka tabbatar sun iya iyo da tuƙi, masu natsuwa, waɗanda ba sa shaye-shaye. A rubuta sunayensu, a raba musu ranakun aiki, a ƙara hannu ranar kasuwa da ranar biki da lokacin girbi. A sanar da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, a nemi horo da rigunan kariya daga gare su ko daga Red Cross. A Birtaniya, ƙungiyar ceto a ruwa ta RNLI da aka kafa a 1824 har gobe 'yan sa-kai ne mafi yawan matuƙan jiragenta, kuma abin da ya riƙe ta shekara 200 shi ne horo da bin ƙa'ida.

Jirgin ceto kada ya fita da ƙasa da mutum uku: matuƙi, wanda shi ke da magana ta ƙarshe, mai duba gaba, da mai jefa igiya. Na huɗu ya tsaya a gaɓa da waya mai caji, ya san inda suka nufa da lokacin da ya kamata su dawo. Kayan aiki ba masu tsada ba ne: rigar kariya ga kowa, doguwar igiya, gora, filafili na ajiya ko da akwai inji, usur, tocila, wuƙa don yanke taru idan ya naɗe ƙafa ko farfela, kwano na kwashe ruwa, da jarkoki masu murfi. Jarka mai lita 20 da babu komai a ciki, in an ɗaure bakinta tam, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa.

Babban aikin a gaɓa yake

Mafi yawan rayukan da ƙungiyar za ta ceta, za ta cece su ne tun jirgi bai tashi ba. A shata layi da fenti a jikin kowane jirgin fito. Da zarar ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare. Buhun shinkafa da babur da akuya duk nauyi ne, a lissafa da su. A ƙirga fasinja, a rubuta adadinsu, domin in tsautsayi ya afku a san mutum nawa ake nema. A duba katakon jirgi. Wanda ke yoyo har sai an sa yaro yana ta kwashe ruwa, gyara yake bukata, ba fasinja ba. NIWA ta hana zirga-zirgar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Idan hadari ya haɗo, kowa ya dakata, domin a buɗaɗɗen tafki iska kan ta da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci. Mazauna ƙasan madatsa kuma su riƙa sauraron sanarwar sakin ruwa, don mashigin da aka ratsa da ƙafa da safe yana iya shanye mutum da yamma.

Nan ne za a sha surutu. Wani zai ce sauri yake, wani zai ce ai kwana in bai ƙare ba babu abin da zai faru. A amsa masa da ladabi: "Baba, a yi haƙuri a jira sahu na biyu." Dogaro ga Allah bai hana ɗaukar mataki ba. Kuma wajibi ne masu gari su tsaya bayan waɗannan samari, don kada hana lodi ya zama sanadin gaba tsakaninsu da masu jirage.

Idan jirgi ya kife

Ƙa'ida ta farko ita ce mai ceto kada ya zama gawa ta biyu. Wanda ke nutsewa ba ya cikin hayyacinsa. Duk abin da ya kama zai danne shi, ko da ɗan'uwansa ne. Don haka a fara da miƙa gora. In bai kai ba, a jefa igiya ko jarka. In ya yi nisa, a je da jirgi. Faɗawa ruwa shi ne mataki na ƙarshe, sai gwani, da riga a jikinsa, da abin da zai miƙa a hannunsa.

A tunkari mutum a hankali, a tsayar da farfela kafin a iso gare shi. A jawo shi ta goshin kwale-kwale ko ta bayansa, ba ta gefe ba, kuma kada kowa ya karkata ɓangare guda. A fara da wanda ya yi shiru kansa na shiga yana fita, domin mai iya ihu yana da sauran numfashi. Fasinjoji kuma su sani: jirgin katako ko ya kife yakan yi yawo a saman ruwa, a riƙe shi ya fi a kama iyo zuwa gaɓa mai nisa.

Da an fito da mutum, a bar al'adar juya shi kai ƙasa ko danna masa ciki wai don ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana iya tura amai cikin huhu. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi. In babu, a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau biyu, a ci gaba ba tsayawa. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi Babban Asibitin Talata Mafara ko mafi kusa, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya ta da ciwo bayan wasu awanni.

Iyakar aikin ɗan sa-kai

Yankinmu na fama da matsalar tsaro. Ɗan sa-kan ruwa ba jami'in tsaro ba ne: ba ya ɗaukar makami, ba ya kama mutum, ba ya karɓar ko sisi a mashigi. In ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya kai rahoto. In kuma jama'a sun rugo gaɓa a firgice, aikinsa ya tsara fito sahu-sahu, yara da mata da tsofaffi a gaba, don kada a gudu daga wata halaka a faɗa wata.

Bayan kowane aiki a zauna a duba abin da ya yi kyau da inda aka yi kuskure, a kuma riƙa gwaji ko sau ɗaya a wata tun da rani. Sarakunan ruwa, hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, lokacin kiran taron kafa ƙungiyar shi ne yanzu, kafin gulbi ya cika.