Lissafin Da Ke Cikin Karta

A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, kamar sauran garuruwa, akan ga samari da maraice zaune gindin itace suna karta. In wani ya ci, sai a ce ya yi sa'a. Amma masana sun gano akwai lissafi a cikinta, ana kiransa lissafin yiwuwa. Waɗansu malamai biyu na Faransa, Pascal da Fermat, su ne suka kafa tushensa a shekarar 1654, sa'ad da suke rubuta wa juna wasiƙu a kan wata matsala ta 'yan caca.

Karta guda 52 ce, an kasa ta iri huɗu, kowane iri guda 13. Iri biyu jajaye ne, iri biyu baƙaƙe. Cikin kowane iri kuwa akwai sarki ɗaya, watau sarakuna 4 ke nan duka.

To, ga yadda ake lissafin. Da fari a ƙirga abin da ake nema, sa'an nan a ƙirga dukan abin da ke akwai, a ɗora na farko bisa na biyu. Idan aka lale karta sosai, yaro ya rufe ido ya zari ɗaya, yiwuwar ya sami ja 26 ce bisa 52, watau rabi. In mai alamar zuciya yake so, 13 bisa 52, watau kashi ɗaya cikin huɗu. In kuwa sarki yake nema, 4 bisa 52, watau ɗaya cikin 13. Wannan bai nuna lalle sai a zara ta 13 sarki zai fito ba. Yana iya fitowa tun da farko, yana kuma iya daɗewa. Amma in aka yi ta zara ana mayarwa har sau ɗaruruwa, za a ga kusan sau ɗaya yake fitowa cikin kowace zara 13.

Amfanin sanin wannan babba ne. A ce wani mai wayo ya shimfiɗa tabarma bakin kasuwa, yana cewa, "Sa naira 100 ka zara, in sarki ya fito ka ɗauki naira 1,000." Wanda bai san lissafi ba sai ya ga garaɓasa ta faɗi. Mai lissafi kuwa sai ya ce a ransa, "Zara 13 za ta cinye mini naira 1,300, abin da zan samu kuwa naira 1,000, na yi hasarar 300 ke nan." Ashe tun ba a fara ba mai tabarma ya riga ya ci.

Akwai kuma wani kuskure da 'yan caca kan yi. In mutum ya fāɗi sau goma a jere, sai ya ce yanzu kam sa'arsa ta kusa. Ina! Karta ba ta da tunani, ba ta san abin da ya wuce ba. Muddin an mayar da wadda aka zara an sake lalewa, yiwuwar tana nan ɗaya cikin 13, ba ta ƙaru ba ko kaɗan. Haka mutum zai yi ta bi har kuɗin cefane su ƙare. Shi ya sa addini ya hana caca, iyaye kuma suke tsawata wa 'ya'yansu a kanta. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Lissafin nan yana da wuraren da yake aikin kirki. Da shi masu duba yanayi suke faɗin ko za a yi ruwa gobe. Manomin shinkafa a fadamar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu shi ma yana iya aiki da shi. Idan ya ƙirga ya ga cikin shekara 10 gulbi ya cinye gonarsa sau 2, ya san haɗarin ya kai kashi ɗaya cikin biyar, sai ya raba ƙafa, ya shuka gero a tudu, kada ya zuba ƙarfinsa duka wuri guda.

Tambayoyi

1. Sarauniya 4 ce cikin karta. Mene ne yiwuwar a zaro ɗaya?
2. In aka fid da sarki ɗaya aka ajiye gefe, karta nawa ta rage, sarakuna nawa kuma?
3. Don me mai tabarma ba ya hasara?