Ciwon kwankwaso: Raunin da ke bin tsoffin sojojin Diffa har gida

Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, sojojin Nijar ke sintiri a gaɓar Komadugu, kaya a gadon baya, takalmi na nutsewa cikin rairayi. Wasu sun ajiye kaki babu tabon harsashi, amma yau ko ruku'u sai sun cije leɓe.

Wani lokaci daga ƙafa ciwon ke tasowa. Idan tafin ƙafa ya baje, gwiwa takan murɗe ciki, ƙugu ya karkace, baya ya sha wahalar. Shi ya sa ake auna ƙafar mutum a ƙera masa shimfiɗar cikin takalmi tasa shi kaɗai, ba irin ta kasuwa ba.

Wani gwaji kan mutum 225, da aka wallafa a Amurka a 2017, ya nuna ciwon ya ragu bayan mako shida. Sauƙi ne dai, ba warkewa ba.

Samun ta shi ne aiki. Ƙungiyar CICR ta tallafa wa sashen kayan gyaran gaɓoɓi na asibitin Damagaram, fiye da kilomita 400 daga Diffa. A Fabrairun 2025 gwamnati ta umarce ta da barin ƙasar.