Allurar shawara a Muchalla: abin da ya tabbata da abin da aka ƙara wa gishiri

Duk lokacin da mai shela ya fita da sanarwar rigakafin zazzaɓin shawara, sai ya tarar wata sanarwar ta riga shi shiga gidaje, ita kuwa ba ta buƙatar lasifika. A Muchalla, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, inda duwatsun Mandara suka haɗa mu da Kamaru, labari kan taho daga kasuwar Mubi, ko daga tsallaken iyaka, ko ta WhatsApp, cikin Fali da Fulatanci da Hausa. Kuskuren masu wayar da kai shi ne su yi wa duk abin da jama'a ke faɗa kuɗin goro, su ce jahilci ne. Ba haka ba ne. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu ƙarya tsagwaronta.

Wadda ta fi kowace tsufa ita ce "mai shawara ba a yi masa allura, mutuwa zai yi." Kakanninmu sun ga mutum ya yi ɗorawa a ido, an kai shi asibiti a makare, an yi masa allura, ya cika. Sai laifin ya faɗa kan allurar, alhali hanta ta riga ta lalace. Allurar rigakafin kuwa ba ta jinya ba ce, mai lafiya ake yi wa don kada cutar ta kama shi. Wanda ke kwance da zazzaɓi mai zafi ma, ma'aikatan kan ce ya jira ya warware. Sannan ba kowace ɗorawar ido ce zazzaɓin shawara ba: ciwon hanta da maleriya mai tsanani da sikila duk suna kawo ta, kuma allurar ba ta tare ko ɗaya daga cikinsu. Shi zazzaɓin shawara sauro ne ke kawo shi, alamunsa na bayyana kwana 3 zuwa 6 bayan cizo. Yawancin mutane suna warkewa. Amma kaɗan ɗin da ya koma musu mai tsanani, da aman jini da tsayawar fitsari, kusan rabinsu ke mutuwa cikin kwana 7 zuwa 10, kuma har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar.

"Allurar tana sa zazzaɓi." Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa tun kafin a tsira wa mutum. Wasu kan ji ciwon kai, ko kasala, ko ɗan zafin jiki na 'yan kwanaki. Akwai kuma illa mai tsanani da kan taɓa hanta ko ƙwaƙwalwa, sai dai kowace daga cikinsu ba ta kai mutum ɗaya cikin dubu ɗari ba. Shi ya sa ake tambayoyi a wurin allura. Jaririn da bai kai wata 9 ba, da mai juna biyu, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, ba a yi musu a gangami na yau da kullum.

Daga nan ne zancen cewa allurar na hana haihuwa yake samun gindin zama: in babu wani abu a ƙasa, me ya sa ake ware masu ciki? Dalilin shi ne ƙwayar cutar ce aka raunana aka yi allurar da ita, don haka ake taka-tsantsan da ɗan tayi. Idan annoba ta ɓarke, likita na iya yanke shawarar a yi wa mai cikin ma. Ban da haka, gangamin na maza da mata ne, daga wata 9 zuwa shekara 44, kuma tun 2004 allurar ke cikin rigakafin jarirai a Najeriya, tare da ta ƙyanda. 'Yan matan da aka yi wa a wancan lokacin yau su ne ke goye da nasu 'ya'yan.

Mai shakka yana da hujjarsa, kada a raina masa hankali. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon na cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Sai dai allurar shawara ba sabuwa ba ce balle a ce gwaji ake yi da mu. A 1927 aka samo ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, a 1937 Max Theiler ya kammala haɗa allurar daga gare ta. Najeriya da kanta ta yi shekaru tana sarrafa ta a Yaba da ke Legas, har zuwa 1991, kuma Cibiyar Pasteur ta Dakar a Senegal na cikin masu yin ta yanzu. Da wuya a sami allurar da ta fi wannan zama ta gida.

"Cutar kudu ce, ba ta zuwa nan." Mutanen Alkaleri a jihar Bauchi za su ba da amsa, domin a 2019 ta ɓarke a yankin Yankari ta kashe mutane. Kafin nan ta sake ɓulla a Ifelodun ta jihar Kwara a watan Satumban 2017, ta kuma yi ɓarna a Filato tun 1969. Duk inda ake da birai a daji, da manoma da makiyaya masu shiga dajin, da ruwan da aka adana a gida, hanyarta a buɗe take. Ga kuma giɓin da rikici ya bari: lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, iyalai sun watse zuwa duwatsu da Kamaru da Yola, yara da dama ba su sami allurar wata tara ba.

Gidan sauro yana da amfani, amma bai wadatar ba. Sauron shawara da rana ya fi cizo, kuma a randa da durom da tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa, don haka sai an rufe su an riƙa zubar da ruwan da ya kwana biyu.

Wanda ya ce sai an maimaita allurar bayan shekara 10, da can gaskiyarsa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya matsayi a 2013, dokar tafiye-tafiye ta bi sahu a watan Yulin 2016: sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A gangami kyauta ce, duk wanda ya nemi kuɗi a kai ƙararsa wurin mai unguwa ko shugaban asibitin gunduma. Katin da aka ba ka kuma ka adana shi, don shi ne shaidarka idan za ka nemi katin tafiya mai ruwan ɗorawa, wanda Kamaru da Saudiyya ke tambaya. Shi wannan sai bayan kwana 10 da allura yake fara aiki, saboda haka maniyyaci ko ɗan kasuwa kada ya bari sai ana gobe tafiya. Masu sayen katin ba tare da allura ba na iya wuce jami'in kan iyaka, amma jikinsu babu kariya.