Kalmomin Asara da Ke Kayar da Ɗaliban Turanci a Ƙasar Sin

Tun da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, Turancin kasuwanci ya zama abin nema ruwa a jallo ga matasanta. Da yawansu haddace kalmomi suke yi jeri-jeri, kowace da fassararta ta Sinanci a gefe. Hanyar tana biyan buƙata a maganar saye da sayarwa, amma da an zo kan asara sai ta riƙa kai ɗalibi ta baro.

Tun daga launi ake fara tuntuɓe. A allunan kasuwar hannun jari ta Shanghai da ta Shenzhen, jan lamba na nufin farashi ya tashi, kore kuwa ya faɗi. A New York akasin haka ne. Yaron da ya taso yana ganin mahaifinsa na murna duk ranar da allo ya yi jajur, dole ya sake saita idonsa kafin ya karanta rahoton kamfanin Amurka.

Babban ramin yana cikin shari'a. Kalmar Sinanci "pochan" ita ce ke zuwa bakin mutane idan kamfani ya durƙushe, alhali Turanci ya raba durƙushewar mataki-mataki, kowane da hukuncinsa. Evergrande, katafaren kamfanin gine-ginen da bashinsa ya haura dala biliyan 300, ya taka matakan ɗaya bayan ɗaya a idon duniya. A Disambar 2021 ya kasa biyan masu bin sa bashi na ƙetare a kan lokaci, abin da ake kira "default". Bai mutu ba a ranar, ma'aikata sun ci gaba da zuwa ofis. A Agustan 2023 ya nemi kariyar wata kotu a New York ƙarƙashin Babi na 15 na dokar karayar arziki ta Amurka. Nan take labari ya bazu cewa ya karye, har sai da kamfanin ya fito ya bayyana cewa ƙoƙarin sake tsara bashinsa na waje yake yi. Sai ranar 29 ga Janairun 2024 mai shari'a Linda Chan ta Hong Kong ta ba da umarnin "liquidation", wato a rufe kamfanin, a sayar da kadarorinsa, a raba wa masu bin bashi abin da ya samu.

Fiye da shekara biyu ke tsakanin mataki na farko da na ƙarshe. Matashin akawun da ya ɗauki kalmomin nan a matsayin abu guda zai iya ba maigidansa shawarar da za ta cinye masa jari, ko ya sa shi zaman jiran kuɗin da ba za su dawo ba.

A ganina malaman Turancin kasuwanci a Sin su rage dogaro da jerin hadda. Su ɗauko sanarwar kamfani ta gaske da hukuncin kotu su ajiye wa ɗalibi a gaba, ya karanta, ya faɗi matakin da kamfanin yake kai da abin da ya rage wa mai bin bashi.