FADAMAR HAƊEJA DA NGURU, MASAUKIN TSUNTSAYE

Manomin Kankiya ko Kusada ba ya bukatar a gaya masa darajar fadama, domin ita ce ke riƙe shi da rani. Amma fadamar da ta fi kowace suna a Arewa tana can gabas, tsakanin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kowace damina.

A nan ne dubban tsuntsaye daga Turai kan sauka idan hunturu ya koro su, bayan sun ƙetare hamadar Sahara, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Saboda haka aka keɓe musu Dagona, aka hana farauta. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya ziyarci wurin a 1989, kuma a 2000 tafkin Nguru ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar.

To, amma hana farauta kaɗai bai wadatar ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu ƙwarai. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa, masunta da makiyaya kuwa suka shiga halin ƙunci.

Watau dai ruwan da ke raya tsuntsu shi ke raya talaka. Wajibi ne hukumomi su riƙa sakinsa a kan kari.