Bel Mai Haƙora a Ƙananan Motocin Tsere na Rediyo

Wannan lacca ta shafi wani ɗan ƙaramin sashe ne na wata ƙaramar na'ura, wato bel ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi a motocin tsere waɗanda ake sarrafawa daga nesa da rediyo. Motocin da ake magana a kansu su ne na shekarun 1980, masu girman kashi ɗaya bisa goma na motar hawa, waɗanda aka ƙera galibi a Japan da Ingila domin gudu a kan turɓaya.

Kafin a fahimci dalilin shigowar bel, tilas a san halin da batir yake ciki a wancan zamani. Motar tana ɗauke da batir mai ƙwaya shida, mai ƙarfin bolt 7.2, tseren kuwa na minti huɗu ne ko biyar. Wutar da ke cikinsa da ƙyar take kai direba ƙarshen tsere. Sau da yawa mota kan yi ta jan gaba, sai a zagayen ƙarshe ta soma ja da ciki, na baya su wuce ta. Saboda haka duk ƙarfin da ya salwanta tsakanin inji da taya hasara ce wadda ba ta da mayarwa. Matsalar ta fi tsanani ga mota mai ja da ƙafa huɗu, domin dole a ɗauko ƙarfi daga inda inji yake a kai shi har tayoyin gaba.

Da farko sarƙa aka ɗora wa wannan aiki, irin yadda take yi a keke. Dog Fighter ta kamfanin Yokomo, wadda Gil Losi ƙarami ya ci gasar duniya da ita a Kalifoniya a 1985, da sarƙa take tafiya, haka ma Optima ta kamfanin Kyosho wadda ta fito a shekarar. Amma sarƙa tana da nauyi, tana saki in ta sha aiki, ga ta da son mai, shi kuwa mai abokin ƙura ne. Kamfanin Tamiya ya bi wata hanya a motarsa Hotshot ta 1985, ya sa sandar farfela. Ita sanda ba ta da laifi wajen ƙarko, sai dai tana bukatar giya a kowane kai domin karkatar da juyi, kowace giya kuwa da nata kason da take ci.

Bel ɗin da ya maye gurbin sarƙa ba irin na injin niƙa ba ne, wanda ke riƙe fuli da matsi kawai, in kaya ya yi nauyi ya zame yana kuka. Wannan haƙora gare shi a ciki, waɗanda ke shiga ramukan fuli ɗaya bayan ɗaya, kuma an saƙa zare mai ƙarfi cikin robarsa don kada ya miƙe. Abin sha'awa, asalinsa na teloli ne: a shekarun 1940 aka ƙirƙiro shi a Amurka domin daidaita tafiyar allura da ƙoshiya a keken ɗinki. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai, kuma yana ɗan ba da kai sa'ad da mota ta diro daga tsalle, ta haka yake sauƙaƙa wa giya dukan da za ta sha.

Wanda ya fito da darajarsa fili shi ne Cecil Schumacher, injiniyan Ingila da ya taɓa aiki a Cosworth. A 1986 kamfaninsa ya fitar da mota mai suna CAT. Shekara guda bayan haka wani saurayi ɗan Japan, Masami Hirosaka, ya ci gasar duniya da ita a garin Romsey na Ingila. A 1987 ɗin nan Kyosho ya fito da Optima Mid mai bel, sa'an nan a 1989 Hirosaka ya sake cin gasar a Ostareliya, wannan karo da motar Yokomo, ita ma mai bel.

Duk da haka bel ba ya yafe sakaci. In an ɗaure shi tamau, sai ya danne fuli ya sha wutar da aka kawo shi ya adana. In an bar shi sako-sako, sai ya tsallake haƙora yana ƙas-ƙas a lokacin da direba ya ba da wuta ko ya kama birki. Tsakuwa guda kuma in ta shiga tsakaninsa da fuli, ta isa ta zubar da haƙora ko ta tsinke shi, shi ya sa maƙera suka dage wajen rufe hanyarsa.

Ga masu adana waɗannan motoci a yau, bel ne ya fi ba su wahala. Ƙarfe yana jure ajiya, roba kuwa bushewa take yi ta tsattsage ko da ba a taɓa ta ba. Mai neman madadi sai ya ƙirga haƙoran tsohon, ya auna faɗinsa da tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori, domin in tazarar ta saɓa, bel ba zai zauna a fuli ba. Da Kyosho ya sake fitar da Optima a 2016, motar da aka sani da sarƙa, sai ga ta ta zo da bel.