Sunan da Muke Ƙyama Yana Cikin Gidajenmu

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutanenmu har ta zama kamar karatu: wai sunayen da Yahudawa ke kiran Ubangiji da su, irin su Elohim da Adonai, sunayen wani abin bauta ne na daban. Wasu ma sukan ce na gunki ne, ko na aljani. Za ka ji ta a majalisar dattawa, za ka ji ta a rumfunan kasuwar Talata Mafara, yanzu kuma ta shiga wayoyin matasa. Masu faɗin ta ba mutanen banza ba ne, kishin tauhidi ne ke motsa su, kuma kishin tauhidi abin yabo ne. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mayar da kuskure daidai.

Mu fara daga gida. Ranar bakwai ta zagayo a Ruwan Gizo, an raba goro, an kawo rago, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya: sunan yaro Sama'ila. Daga Bakura har Maradun da wuya ka sami unguwar da babu Sama'ila, ko Jibrin, ko Mika'ilu, ko Iliya, ko Ya'u. Wannan “ilu” da ke ƙarshen Jibrilu da Mika'ilu, shi ne El na Ibrananci, wato Allah. Isma'ila na nufin Allah yana ji. Mika'ilu tambaya ce mai ɗauke da amsarta: wane ne kamar Allah? Zakariyya, wanda muka taƙaita zuwa Zakari ko Ya'u, yana ƙarewa da Yah, gajeren sunan Ubangiji a wancan harshe, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya tuna. Iliyasu ya haɗa biyun, domin asalinsa Eliyahu ne. In da waɗannan sunayen gumaka ne, da mun daɗe muna yanka musu raguna ba mu sani ba.

Kada wani ya ce wannan karatun Turawa ne. Duk almajirin da ya zauna a zaure ya ɗauki nahawu ya san Ibrahimu da Isma'ila ba su karɓar tanwini, kuma dalilin da malam ke bayarwa shi ne sunaye ne na ajami, ba na Larabci ba. Al-Jawaliƙi, masanin lugga na Bagadaza, ya bayyana cewa sunayen annabawa duk na ajami ne in ban da huɗu: Adamu, Salihu, Shu'aibu da Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, ya kawo wannan magana a cikin littafinsa Itƙan. Fiye da haka, Imamu Buhari ya kawo daga Ikrima, almajirin Ibn Abbas, a tafsirin Suratul Baƙara, cewa Il da ke cikin sunayen mala'ikun nan yana nufin Allah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, sunan babban malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, kuma Buharin nan yana cikin abin da suka karanta suka karantar.

Dalilin wannan kusanci ba ɓoyayye ba ne. Larabci da Ibrananci da Suryaniyanci 'yan ɗaki ɗaya ne, kamar yadda Isma'ila da Isiyaku suke 'ya'yan uba ɗaya. Inda Balarabe ya ce Ilah, Ba'ibrane ya ce Eloah, daga nan Elohim ta fito, mutumin Suryani kuma ya ce Alaha. Malik da Melek, Ƙuddus da Ƙadosh, Rahim da Rahum, Hayyu da Hai, kunne kaɗai ya isa ya ji dangantakar. Shi ya sa Sa'adiya Ga'on, malamin Yahudawa da ya rasu a 942, da ya mayar da Attaura zuwa Larabci, kalmar Allah ya sa a gurbin Elohim. Haka Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa suka yi a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Babban sunan da Yahudawa suka fi girmamawa harufa huɗu ne, kuma tun zamanin da, sun daina furta shi don tsoron kada baki ya wulaƙanta shi. In mai karatu ya iso kansa sai ya ce Adonai, ma'ana Ubangijina. Mu ma ai haka muke. Ubangiji kalmar Hausa ce tsantsa, babu ta a cikin sunaye casa'in da tara, amma babu limamin da ya taɓa hana tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce ya Ubangiji. Bayarabe Musulmi yakan ce Olorun, Bafarishe ya ce Huda, kuma ba mu fitar da su daga Musulunci ba.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, waɗannan sunaye suna yawo a ƙugun mutanenmu. A wasu layu da hatimai ana rubuta Ahya Sharahya, Adunai, Asba'utu, Al Shaddai, a ce wai sunayen rauhanai ne masu asiri. Babu rauhani ko ɗaya a ciki. Kalmomin Ibrananci ne da suka bi ta littattafai irin Shamsul Ma'arif, alƙalami ya karkata su a hanya. Adunai Asba'utu na nufin Ubangijin runduna, Al Shaddai kuwa ana fassara shi da Allah Mai iko duka. Ibn Manzur ma ya ambaci Ahya Sharahya a cikin Lisanul Arab, ya ce Ibrananci ne. Ga mai tsinuwa ga suna, ga mai ɗaura shi a dantse, dukansu ba su san abin da yake nufi ba.

Yanzu ga inda masu waccan magana suke da gaskiya, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Malaman akida sun tabbatar cewa Musulmi ba ya ƙirƙira wa Allah suna, yana tsayawa kan abin da ya zo a Alƙur'ani da Sunna. Babu mai cewa a shigar da Elohim cikin salla ko wuridi. Kuma saɓanin da ke tsakaninmu da Yahudu da Nasara na gaske ne, ya shafi annabci, ya shafi siffofin Ubangiji. Amma saɓanin yana cikin akida ne, ba cikin lafazi ba. Ƙuraishawa sun san sunan Allah sarai, mahaifin Manzo ma Abdullahi ne sunansa, duk da haka a wancan zamani akwai gumaka a Ka'aba. Lafazi bai tsare su daga shirka ba, kamar yadda wani lafazin bai jefa annabawan Bani Isra'ila cikinta ba. Suratu Ibrahim ta sanar da mu cewa kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi. To, da wane harshe Annabi Dawuda ya yi tasbihi? Da wane harshe Annabi Zakariyya ya roƙi ɗa?

A nan haɗarin yake. Wanda ya kira waɗannan sunaye gumaka, yana iya zagin sunan da annabi ya yi kuka da shi cikin dare, alhali yana zaton addini yake karewa. Hanyar tsira mai sauƙi ce: mu riƙe namu, mu kame baki daga abin da ba mu bincika ba. Limamanmu kuma, Allah ya ƙara musu sani, in sun raɗa suna su ƙara da jimla ɗaya ta ma'anarsa kafin a shafa fatiha. Haƙƙin ɗa ne uba ya zaɓa masa suna mai kyau, kuma uba ba zai san kyan suna ba sai ya san abin da yake faɗi.